Wa Zai Biya Idan Antibairos Ya Yi wa Mai Gaskiya Ƙazafi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a shagunan kwamfuta na garuruwanmu, daga Gumel zuwa Ringim, daga Gaya zuwa Dambatta: "Ka kashe antibairos tukuna." Mai gyaran waya yana faɗa wa yaron shagonsa. Wanda ya sayar wa mai kemis manhajar lissafin kaya yana faɗa masa ta waya. Har ma'aikacin da aka turo daga birni da filash a aljihu don ya ɗora manhajar ɗaukar bayanai a wani ofis, kafin ya gyara zama ya riga ya faɗe ta. Ba mai tambayar dalili. A ganina wannan magana ta fi yawancin cututtukan da ake tsoro ɓarna, kuma ba zan ɗora laifin duka a kan masu faɗinta ba. Antibairos ɗin, wato manhajar da ake ɗorawa don ta tsare kwamfuta daga cuta, shi ne ya koya musu, saboda yawan kama mai gaskiya da yake yi ba tare da kowa ya tuhume shi ba.

Garinmu a gefen fadamar Haɗejiya yake, shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Akwai wani yaro ɗan maƙwabtanmu da ya yi karatun kwamfuta a Kazaure, ya dawo gida yana jiran aiki. Ya ga yadda malaman sakandaren al'umma suke kwana da tocila da kalkuleta duk ƙarshen zango, suna tara makin gwaji da na jarrabawa, suna fitar da na ɗaya da na biyu, wani lokaci a gama rabon sakamako sannan uba ya zo da takardar ɗansa ya nuna an yi kuskuren tarawa. Sai ya zauna ya rubuta 'yar manhaja da Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja: ka shigar da sunaye da maki, ta tara, ta jera, ta fitar da takardar sakamako da tambarin makaranta a sama. Bai nemi ko sisi ba. Ya dunƙule ta cikin fayil guda, ya sa a filash, ya kai ofishin shugaban makaranta. Ina wajen.

Yana soka filash, kafin ma ya danna komai, sai ga jan akwati ya fito a kusurwar allo da wata 'yar ƙara, da wani dogon suna mai farawa da Trojan, sunan da ake ba cutar da ke shigar burtu kamar manhajar kirki. Ya buɗe filash, fayil ɗin babu shi.

Shugaban ya zare tabarau ya ce, "Kai yaro, cuta ka kawo mana?"

"Wallahi Malam, ni na rubuta ta da hannuna. Babu komai a ciki sai lissafi."

"To ai na'ura ba ta ƙarya. Cire abinka. Duk takardun makaranta suna cikin kwamfutar nan."

Ban ga laifin shugaban ba. Kwamfuta ɗaya ce tal a makarantar, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta saya, kuma abin da aka ɗora mata don tsaro ya yi masa gargaɗi da jan rubutu. Amma kafin la'asar labari ya kai teburin mai shayi, kuma bai isa can yadda ya faru ba. Cewa aka yi ɗan gidan wane ya koyo damfarar intanet, an kama shi zai kwashe bayanan makaranta. A birni kwana biyu an manta. A garin da kowa ya san kakanka kuwa, magana ce da za ta iya tasowa ranar da aka je nema maka aure.

Na'ura tana ƙarya mana, ko in ce tana kirdado ta faɗa maka kamar ta tabbatar. Antibairos ba ya karanta manhaja ya gane nufin wanda ya rubuta ta. A da can aikinsa kwatance ne kawai: kamfani ya samu cuta, ya ɗebi wani yanki na lambobinta da ya bambanta ta da sauran, ya sa a kundi, duk fayil ɗin da aka ga wannan yanki a cikinsa a kama shi. Hakan ya wadatar lokacin da cututtukan ba su taka kara sun karya ba, zamanin irin su Brain da wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986. Yau cibiyar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus tana cewa tana rajistar sababbin miyagun manhajoji da waɗanda ake zargi fiye da 450,000 a kullum. Ba kamfanin da ke da ma'aikatan da za su bi wannan ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa aka koma duban siffar fayil da ɗabi'arsa, aka bar na'urar da aka horar da miliyoyin misalai tana yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa ganin sunan cuta a Windows da ya ƙare da "!ml", alama ce cewa na'ura ce ta yanke hukuncin da kanta, ba wani mutum ne ya buɗe fayil ɗin ya ga ɓarna a ciki ba.

Abin da ya sami yaron nan sananne ne ga masu rubuta manhaja a ko'ina. PyInstaller, abin da ake dunƙule shirin Python da shi, yana haɗa shirin da injin Python ɗin kansa cikin fayil guda. Idan an danna, sai fayil ɗin ya kwance kayansa a wata folda ta wucin gadi sannan ya fara aiki. Ɓarayin intanet ma da shi suke dunƙule nasu, don kyauta ne kuma ba shi da wuya. Ta waje duka kamarsu ɗaya. Haka wanda zai rubuta 'yar manhaja don ta sauƙaƙa wa masu buga takardu fitar da ɓ da ɗ da ƙ: sau da yawa manhajar takan saurari kowane maɓalli da aka danna, kuma abin da manhajar satar kalmar sirri take yi ke nan.

Sai ma'aunin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato shahara. SmartScreen na Windows da takwarorinsa suna tambaya ne: mutum nawa a duniya suka taɓa sauke wannan fayil, kuma wa ya buga masa hatimi? Idan amsar ita ce ba kowa, ya zama abin zargi. Abin ya yi kama da shingen 'yan sintiri a bakin gari da daddare. Motar Alhaji da kowa ya sani, ana hango fitilarta a ɗage sanda, ko but ba a leƙawa. Baƙo a kan tsohon babur kuwa a sauke shi, a kwance kayansa, in rigarsa ta yi kama da ta wani da ya taɓa sata a wani gari, a ɗaure shi sai da safe. Sai dai su 'yan sintirinmu gari yana waye musu, mai unguwa ya zo ya ce na san ubansa, a sake shi, a ba shi haƙuri. Wannan shingen ba shi da mai unguwa a kusa. Wanda zai ce a sake shi yana Amurka ko Turai, kuma ba ya jin Hausa.

Ba cewa nake za a iya samun antibairos da ba ya kuskure ba. Tun a shekarun 1980 Fred Cohen, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nazarin cutar kwamfuta a ilimance, ya nuna da hujjar lissafi cewa babu wani shiri da zai iya tantance kowace cuta daidai. Ko dai ya saki ɓarawo ko ya kama mai gaskiya, in ka rage wannan ka ƙara wancan. Abin tambaya shi ne, idan kamfani ya zo saita ma'auninsa, wane kuskure ya fi tsoro? In ya saki cuta ta ci wani banki, jaridu za su ɗauka, masu gwaji su rage masa maki, kwastomomi su gudu. In ya share manhajar wani yaro a Jigawa, ko labari ba zai ji ba. Gaskiya ne cibiyoyin gwaji irin su AV-Comparatives ta Ostiriya suna ƙirga kamun kuskure, amma da fayilolin da suka tara suke gwadawa, kuma manhajar da filash ɗaya ne kawai a duniya ke ɗauke da ita ba ta cikin tarinsu. Ga kuma doguwar yarjejeniyar nan da muke amincewa da ita ba mu karanta ba, wadda ta riga ta wanke kamfani daga asarar da za ka yi.

Manya ma abin yana faɗa musu, sai dai dubi yadda ake yi in ya faɗa musu. Ranar 21 ga Afrilun 2010 kamfanin antibairos na McAfee ya fitar da sabuntawa mai lamba 5958, wadda ta ɗauki svchost.exe a matsayin cuta, alhali yana cikin fayilolin da Windows XP ba ta aiki sai da su. Kwamfutoci suka shiga mutuwa da tashi babu tsayawa. A jihar Rhode Island ta Amurka asibitoci suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba, 'yan sandan jihar Kentucky suka kashe kwamfutocin motocinsu na sintiri, a Ostireliya wasu kantunan Coles suka rufe don na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. A ranar aka janye sabuntawar, kamfanin ya ba da haƙuri a bainar jama'a, ya yi alkawarin biyan masu amfani na gida kuɗin gyara. A ƙarshen Satumban 2011 antibairos ɗin Microsoft ya kira Chrome na Google da sunan Zbot, ɓarawon bayanan banki, abin ya shafi mutum kimanin 3,000, kuma cikin sa'o'i aka gyara. A 2012 antibairos ɗin Sophos ya kama fayilolinsa na sabuntawa, wato ya kama kansa da kansa. A duk waɗannan wanda aka taka yana da baki. Shi kuwa Nir Sofer, mai ƙananan manhajojin kyauta na NirSoft, tun 2009 yake kukan cewa kamfanonin antibairos sun zame wa ƙananan masu manhaja ciwon kai. Wannan fa mutum ne da masu gyaran kwamfuta a duniya suka san sunansa.

Za a ce to yaro ya buga wa manhajarsa hatimi mana. Hatimin dijital shaida ce da kamfanoni irin su DigiCert da Sectigo suke bayarwa bayan sun tantance ko kai wane ne, kuma yana rage zargi ƙwarai. Amma da dala ake saye, shekara-shekara, yawanci dala 200 zuwa sama, kuma tun Yunin 2023 aka wajabta ajiye mabuɗinsa a wata na'ura ta musamman, ko dai a aiko maka da ita daga waje ko ka yi hayarta a intanet. Ka lissafa dala a kan naira 1,500: naira 300,000 ke nan, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata huɗu, tunda naira 70,000 aka tsayar a 2024. Duk don manhajar da aka ba makaranta sadaka. Tsarin da ya ce sai mai kuɗi ko sananne ne ake yi wa zaton alheri, ko ba da nufi aka gina shi ba, ya riga ya zaɓi waɗanda za su rubuta manhaja da waɗanda aikinsu saye.

Yaron bai haƙura ba. Ya shiga Haɗejiya inda sabis ke da ƙarfi, ya nemo shafin da kamfanin ya tanada don koke, ya cike fom da Turanci, ya tura fayil. Bayan wasu kwanaki aka wanke shi. Shugaban makaranta, wanda dattijo ne na gaske, ya aika aka kira shi, ya ce masa a gaban malamai, "Ɗana, ka yi haƙuri, mun ɗauki alhakinka." Sai dai da zango ya zagayo aka ce ya ƙara darasi ɗaya a takardar sakamako. Ya ƙara, ya sake dunƙulewa. A wurin antibairos wannan sabon fayil ne da bai taɓa gani ba, don canjin harafi ɗaya yana canza lambar shaidar fayil gaba ɗaya. Aka sake kama shi. Kuma wanke shi da kamfani ɗaya ya yi bai shafi sauran ba, su kuwa gommai ne, kowa da fom ɗinsa. Makarantar garin da ke gaba da mu da ta so karɓar manhajar, wani antibairos ne daban a kwamfutarsu.

Nauyin kuskuren ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Gyaran da kamfani ya yi ta intanet yake isowa. Kwamfutar ofishin makaranta ko ta asibitin sha-ka-tafi ba ta ganin intanet sai ranar da wani ya haɗa ta da wayarsa, kuma yana haɗawa ta fara zuƙe data ya cire da sauri. Hukuncin da aka soke a can cikin sa'a uku yana iya yin wata uku yana aiki a nan. Mai shagon da ya tayar da janareto da fetur a tsadarsa ta yau, ɗalibai sun yi layi suna jiran a buga musu takardar JAMB, in antibairos ya haɗiye wani fayil da firinta ke aiki da shi, ranar ta tafi. In abin ya gagari masu gyara na kusa sai a jira ranar shiga Kano, a kai Farm Centre ko titin Beirut, kuɗin mota da wuni guda, kuma maganin da aka fi ba ka a can shi ne a yi fomatin.

Yanzu bari mu juyo kanmu, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauka duk jan akwati ƙazafi ne. Yawancin kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, da Windows da Office da ba a biya kuɗinsu ba, an fasa makullinsu da wasu ƙananan manhajoji da ba wanda ya san asalinsu. Da yawa har yau Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, kuma Windows 10 ma ta bi sahu a 14 ga Oktoban 2025. In antibairos ya yi ihu a kan abin fasa makulli, ba ƙarya ya yi ba, aikin abin ke nan, kuma da yawansu ana lulluɓe ɓarawo na gaske a ciki.

Ka je kowace kasuwar mako, Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, ka tsaya wajen mai gyaran waya. Laima, tebur, batirin sola a ƙasa, wayoyin caji sun sarƙe, ga laftof da aka ɗaure gefenta da salatif. Yana yi wa Tecno da Itel filashin, yana cire makullin da mai waya ya manta, yana tura wa'azi da fina-finai da waƙoƙi a memori. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, wanda na saba kai wa waya, ko yana da antibairos. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai ranar da na sayi na'urar nan na kashe shi. Kayan aikina yake cinyewa." Cikin kayan aikin nasa akwai na halal, irin su SP Flash Tool da ake yi wa wayoyin MediaTek aiki da shi, akwai kuma fasassun manhajojin cire makulli da ya sauko da su daga shafukan da shi ma bai san masu su ba. Launi ɗaya da ƙara ɗaya ake yi masa gargaɗi a kan komai, to ta yaya zai bambance? Sai ya yi abin da kowa zai yi, ya rufe bakin mai ihun.

Daga nan kowace memori da kowane filash da ya bi ta teburin nan ya ɗebi rabonsa. Cutar nan da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, wadda in ka danna ɗaya ta shiga kwamfutarka, ta irin waɗannan tebura take yawo gari-gari. Mace ta kawo memorin hotunan bikin 'yarta a ƙara mata waƙa, ta koma gida ta tarar babu hoto ko ɗaya, a ce mata bairos ya cinye, alhali suna nan an ɓoye su ne kawai. Wannan ya sa Smadav, 'yar ƙaramar manhajar nan ta Indonesiya, ta samu karɓuwa a shagunanmu: ba ta da nauyi, kuma filash ta sa a gaba. Amma kwamfutar mai shago a yau ba hotuna kaɗai ke cikinta ba. Akwai takardun NIN na rabin gari, da lambobin BVN, da hotunan fasfo, da sakamakon jarrabawa.

A waya ma haka abin yake. Google ta fito da Play Protect, mai binciken manhajoji a wayoyin Android, a 2017, kuma duk wanda ya saba karɓar manhaja ta Xender ko ta WhatsApp ya san gargaɗinsa, ya kuma san inda ake dannawa a wuce. Matasanmu da ke son WhatsApp na jabu don ganin saƙon da aka goge sun haddace hanyar. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin irin waɗannan, cuta ce da ke iya karanta saƙonnin tes ta kuma yi wa mutum rajistar abin biyan kuɗi bai sani ba. A wayar nan kuma manhajar banki take, a cikinta mai POS yake juya jarinsa.

Kada a ɗauka rashin boko ne ya jawo. A Maris na 2023 antibairos ya fara ihu a kan manhajar kiran waya ta kamfanin 3CX, wadda kamfanoni da yawa a duniya ke amfani da ita. Ƙwararrun ma'aikatan kwamfuta da dama suka ɗauka kuskuren da aka saba ne, wasu suka sa ta cikin jerin waɗanda aka yafe wa bincike. Ashe gaskiya ne, masu kutse sun shiga kamfanin sun cusa cuta a manhajar, ta fito da hatimin kamfanin a jikinta. Kafin nan, a 2017, an yi irin wannan da CCleaner, manhajar share tarkace a kwamfuta, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓatacciyar. Abu biyu na ɗauka daga nan. Hatimin da aka ce yaronmu ya saya bai hana ɓarawo shiga ba. Sannan yawan ihun ƙarya yana toshe kunnen injiniya a Turai kamar yadda ya toshe na mai laima a kasuwa.

To wa zai biya? A yanzu dai mu ne: da data, da fetur, da kuɗin mota, da mutunci. Ban sa ran wani kamfani a Kalifoniya zai aiko wa mai shago a Birniwa diyya ba, ko da yake wanda ya biya kuɗin antibairos a Najeriya mai saye ne kamar kowa, kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC don irinsa aka kafa ta. Abin da ya fi sauƙi, wanda ba zai ci wa kamfanonin komai ba, shi ne su faɗi gaskiya a akwatin gargaɗi. "Na san wannan cuta ce" daban, "ban san wannan fayil ba" daban, "wannan kayan gyara ne da ake iya ɓarna da shi" daban. Kada a haɗa su a jan launi ɗaya da sunan Trojan. Kuma abin da ba a tabbatar ba a killace shi inda mutum zai gan shi ya dawo da shi, kada ya ɓace daga filash kamar ba a taɓa yinsa ba. Da akwatin da ya fito a ofishin shugaban makaranta cewa ya yi "ban san shi ba", da magana ba ta kai teburin mai shayi ba.

A gida kuwa akwai abin da ke hannunmu. NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani da aka kafa a 2001, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗejiya ya karɓi ragamarta a 2019, ita ke tantance ayyukan kwamfuta na ma'aikatun tarayya kafin a kashe musu kuɗi. Ba abin wuya ba ne a sa sharaɗi: duk ɗan kwangilar da ya yi wa gwamnati manhaja ya buga mata hatimi, ya kai ta ga manyan kamfanonin antibairos su wanke ta kafin a raba, kuma takardar umarnin da ta ce a kashe tsaro kafin a ɗora ta a mayar masa da abarsa. Jihohi ma su yi haka da manhajojin makarantu da asibitoci. In gwamnati da kanta tana koya wa ma'aikacin lafiya a ƙauye kashe antibairos, ba ta da bakin yi masa wa'azin tsaron intanet a rediyo. Ƙananan masu manhaja kuma, me zai hana wata cibiya a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko a Kazaure, ta riƙe hatimi ɗaya da sunanta, ta duba aikin yaro layi-layi, in ta gamsu ta buga masa? Nauyi ne, don sunanta zai ɓaci in ta buga wa gurɓatacce, amma wannan nauyin shi ne amfanin abin. Kuɗinsa bai kai na taron bita guda ba.

Masu shago da masu gyara, in akwatin ya fito, akwai hanya tsakanin yarda da shi ido rufe da kashe shi gaba ɗaya. Ka fara tambayar kanka daga ina fayil ɗin ya zo: daga hannun wanda ya rubuta shi kuma ka san gidansu, ko daga shafin kamfanin da ya yi shi, ko daga wani guruf? In akwai sabis, ka ɗora shi a VirusTotal, shafin da aka buɗe a Sifen a 2004 kuma Google ta saya a 2012, wanda ke gwada fayil da antibairos kusan 70 a lokaci guda, kyauta. In biyu ko uku ne suka yi magana, da sunaye na gama-gari, akwai yiwuwar ƙazafi ne, ko da yake sabuwar cuta ma haka take farawa. In arba'in suka yi magana, ka goge shi ko da wanka ne ya ba ka. Kada dai ka ɗora takardar da ke da bayanan mutane a can, don abin da aka ɗora masu bincike suna iya ganinsa. In ka gamsu, ka dawo da fayil ɗin daga inda aka killace shi, ka sa shi shi kaɗai cikin jerin waɗanda aka yafe wa bincike, ka bar sauran tsaron a kunne. Ba a yafe wa filash gaba ɗaya bincike, haka ma foldar da ake sauke kaya.

Malaman da ke koyar da rubuta manhaja kuma su sa wannan cikin darasi. Ana yaye yara sun iya rubuta shiri, amma ba a nuna musu abin da zai faru ranar da shirin ya bar kwamfutarsu ba. Ɗalibin da zai kare aikinsa na ƙarshe ya zo da sakamakon VirusTotal, ya nuna ya san inda ake kai koke a Microsoft da sauran kamfanoni, ya kuma iya yi wa shugaban makaranta ko mai kemis bayani da Hausa, tun kafin ya soka filash, cewa akwati zai iya fitowa, ga dalili, ga kuma abin da za a yi in ya fito.